Gada a Cikin Leda: Yadda Za Ka Gane Ƙaramar Gadar Jirgin Ƙasa Marar Suna, Ka Kuma Harhaɗa Ta

A cikin tarkacen kayan wasan yara na gwanjo na tsinci ledar. Ba kwali, ba hoto, ba ko guntun takarda. Sai wasu baƙaƙen robobi sirara, wasu na maƙale da reshensu, wato firam ɗin robar da aka zubo su a jikinsa, wasu sun ɓalle suna yawo a gindin leda. Mai kayan ya ce shi dai a ganinsa shingen gidan 'yar tsana ne. Da na ɗaga guda na ga layin ƙananan ƙusoshi jere a jikinsa, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, sai na gane gada ce, irin wadda masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa suke ginawa a kan tebur.

A Jamus da Amurka da Ingila da Japan wannan sha'awa ta daɗe, har dattawa masu furfura suna ware mata ɗaki guda a gida. Idan mai kayan ya rasu ko ya gaji, sai a tattara komai a sayar, kwali ya yage a hanya, takardar bayani ta bi iska. Abin da yakan iso hannunka ke nan. Amma wanda ya zana gadar ya bar bayaninsa a jikin kayan: a tsawonsu, a yawansu, a ramuka da 'yan hancin da ke shiga cikinsu. Aikinka shi ne ka karanta. Gam kuwa, ka ajiye shi can nesa tukuna.

Kada ka yanke komai

Hannu yakan yi ƙaiƙayi ya fara ɓalle kayan daga reshe. Ka daure. Lambobin da aka buga galibi a jikin reshen suke, kusa da kowane yanki, ba a jikin yankin ba. Da zarar ka raba su, ka jefar da rabin bayanin da ya rage maka.

Shimfiɗa farin zane ko babban faranti, ka zazzage ledar a kai, har da ƙurar gindinta, domin takalman gadar, waɗanda take zama a kansu bisa ginshiƙai, da wasu 'yan faranti ba su fi ƙwayar wake ba. Ɗauki hoton kowane reshe gaba da baya, da rula a gefensa. Sannan ka tara masu kama da juna wuri ɗaya, ka ƙirga, ka rubuta: dogaye masu ƙusoshi guda nawa, gajeru masu kamar harafin I guda nawa, masu gicciye guda nawa. Kwandon ƙwai na kwali yana da daɗin wannan aiki, kowane iri da raminsa.

Idan ka ga launi biyu ko kauri biyu da ba su dace ba, ka yi zargin an haɗa kayan gada biyu a leda ɗaya. Yana faruwa sosai.

Da me aka yi ta?

Wannan ne zai faɗa maka gam ɗin da za ka saya. Yawancin irin waɗannan gadoji da robar folistarin ake zuba su, kuma gam ɗinta narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, kamar walda. Tamiya Extra Thin da Revell Contacta na cikin sanannu. Gwajin ba wuya: yanki ɗan guntun reshe inda babu lamba, ka ɗiga masa gam ɗin ko ruwan goge farce mai asiton. In ya yi laushi yana danƙo, folistarin ce ko 'yar uwarta. In ko gezau bai yi ba, to ko dai guduro ne na zubi, wanda yakan zo fari-fari ko ruwan ƙasa kuma ba ya zuwa da reshe mai tsari, ko kuma roba ce mai santsi irin wadda gam ba ya kamawa. Guduro sai sufa-gulu, kuma in za ka goge shi ka jiƙa samfefar, ƙurarsa ba ta da kyau a huhu.

Katako kuwa a bayyane yake. In gefensa ya yi baƙi kamar an babbake, na'urar leza ce ta yanka shi, aikin zamani ne. In sanduna ne kawai dogaye a ɗaure, ba a yanka su daidai ba, ka faɗa hannun tsofaffin kayan Amurka, waɗanda mai gini ke yanka kowane itace da kansa a kan zane. Wannan ba tare da zane ba aiki ne ja, sai ka nemo hoton takardarsa. Farin gam na kafintoci ya wadatar masa.

Girmanta

A nan rula za ta yi maka aikin da kwalin ya kamata ya yi. Ƙananan jiragen ƙasa suna da ma'aunai tsayayyu. Mafi yaɗuwa shi ne HO, inda aka rage komai sau 87, kuma tazarar dogo biyu milimita 16.5 ce. Ingila na da nata, OO, an rage sau 76 amma a kan wannan dogon na 16.5. Sai N, sau 160 a Amurka da yawancin Turai, tazara milimita 9. Akwai TT mai sau 120 da milimita 12, da O mai girma, sau 48 a Amurka da milimita 32, da ɗan auta Z, sau 220 da milimita 6.5, wanda kamfanin Märklin ya fito da shi a 1972.

In an yi sa'a akwai katakan ƙarƙashin dogo a cikin ledar, to magana ta ƙare: auna tsakanin gurbin da dogo biyu za su zauna. In babu, nemi abin da aka yi domin ɗan Adam, wato makarin hannu na gefen hanyar ƙafa ko tsani. Makarin hannu na gaske yakan kai kamar mita ɗaya, saboda haka a HO zai zama milimita 12 ko kusa, a N kuma 6 zuwa 7.

Ga tarkon da ya kusa kama ni. Na auna gajerun azarorin bene, wato shimfiɗar da dogo ke kwanciya a kai, na samu faɗin cikin gadar ya haura milimita 50 kaɗan. Wannan ya dace da layi ɗaya na HO, amma bai yi nisa da faɗin gadar N mai layi biyu ba. Tsayi ne ya raba gardama. Gadar Amurka ta gaske takan bar kamar ƙafa 22 daga dogo zuwa rufi, wato kusan milimita 77 a HO, ko 42 a N. Tawa ta ba ni saba'in da wani abu. HO ce, layi ɗaya.

Tsawon gadar ma yakan tona asalinta, domin kamfanoni suna yin gada daidai da miƙaƙƙen dogonsu. Inci 9 ko 18 na nuna Atlas na Amurka. Milimita 180 ko 360 na jan hankali zuwa Jamus da dogon Märklin. Milimita 248 a ma'aunin N, Kato ne na Japan. In kuwa ta kai santimita 52 da ɗoriya, kuma kowane ginshiƙi sai an haɗa shi daga ɓangarori masu saƙa kamar raga, akwai yiwuwar shahararriyar gadar nan ce ta Central Valley mai ƙafa 150. Wannan ba ta sabon shiga ba ce.

Neman sunan mai ita

Ɗauki tocila ka haska reshen ta gefe, ba ta sama ba, rubutun da aka buga zai taso. Duba bayan faranti mafi faɗi, da ƙarƙashin bene. Kana iya ganin Faller, Kibri, Vollmer, Auhagen, Atlas, Walthers, Peco ko Heljan. In ka ga an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka yi, to an sassaƙa abin zubin, wato ƙarfen da ake zuba robar a ciki, kafin haɗewar ƙasar a 1990, ko da robar da ke hannunka an zuba ta daga baya.

Abu biyu za ka kiyaye. Lambar da ke jikin reshe sau da yawa ta abin zubin ce, ba ta kayan da ake sayarwa ba, kuma reshe ɗaya yakan shiga gadoji uku daban-daban. Na biyu, abin zubi yana sauya hannu. Tsohuwar gadar Airfix ta Ingila daga baya ta koma fitowa da sunan Dapol, Kibri da Vollmer kuma yanzu duk suna ƙarƙashin Viessmann. Don haka in ka rasa takarda da suna ɗaya, nema da ɗayan. Faller da Walthers suna ajiye takardun haɗa kayansu da yawa a shafukansu na intanet, shafin Scalemates kuma yana da tarin hotunan kwalaye. Google Lens ba ya gane reshe tsirara sosai, amma in ka jera gefen gadar ɗaya a kan farar takarda ka ɗauka, yakan kawo wani abu. Hotunan masu sayar da tsofaffin kaya a eBay sun fi taimaka mini, domin wasu suna ɗaukar takardar bayanin a buɗe.

Ka ba wannan nema yamma ɗaya. In ba a dace ba, ka ci gaba, ba dole ne ba.

Wace irin gada ce?

Wannan ne gundarin aikin, kuma a nan nake so ka zauna da kyau.

Tambaya ta farko: ina jirgi yake bi? In gefunan dogayen faranti ne rufaffu masu haƙarƙari a tsaye, gadar faranti ce, mafi sauƙi. Idan gajerun sandunan da ke haɗa faranti biyun ba su fi faɗin dogo da yawa ba, jirgi a samanta yake bi. Idan sun yi faɗin da jirgi zai shige, kuma akwai 'yan alwatika masu tokare faranti daga ciki, tsakaninsu yake bi. Idan kuwa gefunan saƙar ƙarfe ne mai alwatika-alwatika, sai ka duba ko akwai ƙofofi biyu masu ado da sandunan rufi. Akwai su, jirgi ta ciki yake ratsawa kamar rami. Babu su kuma gefunan gajeru ne, gada ce marar rufi. Duk wanda ya taɓa tsallaka tsohuwar gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932, ya san yadda irin wannan saƙar ƙarfe take a ido.

Tambaya ta biyu: ina sandunan karkace suka dosa? Iri uku ne suka mamaye duniya. A tsarin Pratt, wanda Thomas da Caleb Pratt suka yi wa rajista a 1844, karkatattun suna gangarowa ƙasa zuwa tsakiyar gada, daga hagu da dama, har su yi kamar harafin V a tsakiya. A tsarin Howe, na William Howe a 1840, akasin haka ne: suna hawa sama zuwa tsakiya, kuma yawanci katako ne masu kauri, na tsaye kuwa siraran ƙarafa. A tsarin Warren na 1848, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, kamar haƙoran zarto.

Dalilin sanin wannan ya wuce ado. Ƙarfen da ake ja ba ya buƙatar kauri, igiya ma ta iya. Ƙarfen da ake dannawa kuwa sai ya yi jiki, in ba haka ba ya lanƙwashe. A gadar Pratt nauyin jirgi yana danne layin sama, wato dogon ƙarfen da ke kwance a saman kowane gefe, da ginshiƙan tsaye, yana jan layin ƙasa da karkatattu. Saboda haka in ka riƙe dogaye biyu kana ruɗewa wanne ne sama, mai kaurin nan mai kamar akwati, mai rufaffen faranti a bisa, shi ne sama. Siririn shi ne ƙasa. Sandunan karkace mafi kauri guda huɗu su ne na bakin gada, biyu a kowane ƙarshe, kuma a kansu ƙofofin suke kwanciya.

Yanzu koma ga ƙidayar da ka rubuta. Gada abu ce mai tagwaye: hagu da dama ɗaya, gaba da baya ɗaya. Duk abin da ya zo biyu, ko na gefuna ne ko na ƙarshe biyu. Abin da ya zo huɗu, na kusurwa ne, kamar takalma. Abin da ya zo da yawa iri ɗaya, na kowace gaɓa ne. Tawa tana da ɗakuna shida a kowane gefe, wato tazara shida daga gaɓa zuwa gaɓa, sai ga azarorin bene bakwai, ɗaya a kowace gaɓa har da baki biyu. A sama gaɓoɓi biyar ne, ƙofofi suka ɗauki biyu, sanduna uku suka ɗauki sauran. Da lissafin ya fito haka, na san ba abin da ya ɓata a manyan kaya. Masu siffar X masu faɗi ɗaya da bene kuma kashi biyu ne: na ƙarƙashin bene da na rufi. Na rufin sun fi kaɗan, tunda layin sama ya fi gajarta.

Sauran sirrin yana jikin roba. Fuskar da ke da 'yan tabo zagaye marasa zurfi, inda injin ya turo yankin waje, ita ce ake ɓoyewa, ciki ko ƙasa. Fuskar da ƙusoshi suka fi kyau ita ke kallon waje. Duk ɗan hanci yana da raminsa, kuma in hanci murabba'i ne kada ka tura shi a rami zagaye. Lambobi ma galibi suna bin tsarin haɗawa, ƙanana da fari.

Gina ta ba gam

Yanzu ka yanka, amma kafin ka raba kowane yanki da reshensa, rubuta lambarsa da fensir a fuskar da za ta ɓuya. Yi amfani da ƙaramar filaya mai yanka ko sabuwar reza, ka yanka nesa kaɗan da jikin, sannan ka goge ragowar da samfefa mai laushi. Murɗewa da hannu yana cire tsoka. Sai dai ka lura, wani abin da ka ɗauka ragowar reshe ne, hanci ne na shiga rami. Na taɓa goge guda biyu kafin in farga.

Wanke kayan da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, su bushe a inuwa. Kada ka shanya su a rana, zafinmu yana lanƙwasa folistarin cikin ɗan lokaci. Wanda ya riga ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ka miƙar da shi a hankali, ka danne tsakanin gilashi da littafi mai nauyi har ya huce.

Sannan ka tayar da gadar gaba ɗaya da salatif na takarda, da robar ɗaure kuɗi, da abin maƙale shanya. Za ta yi ta rushewa, za ka yi tsaki, ka sake. A wannan gwajin ne na gano na jera gefe biyu duk suna kallon hanya ɗaya, alhali ya kamata su zama kamar tafin hannun dama da na hagu, ramukan azara duk suna kallon ciki. Da na riga na sa gam, da sai reza. Tura taragonka mafi tsayi da mafi faɗi ta ciki, a kan ɗan dogo. Ɗauki hoto ta ko'ina. Wannan hoton shi ne takardar bayaninka daga yanzu.

In wani abu ya yi saura ba ka san wurinsa ba, kada ka tilasta masa. Sau da yawa na wata gadar ne da ke raba reshe da taka.

Haɗawa ta gaske

Samu gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, tebur na katako ba ya taɓa zama daidai. In gefunan a warwatse suka zo, zana siffar gefe ɗaya a takarda da rula, ka sa ta ƙarƙashin gilashin, ka gina a kai. Gefe na biyu ka gina shi a bisa na farko, baya da baya, da takarda mai maiƙo a tsakani, don su fito tagwaye.

Da ruwan gam, haɗa sassan ake yi tukuna, sannan a taɓa gaɓar da bakin ɗan buroshi, gam ɗin ya tsotsu ciki da kansa. Ɗigo ɗaya ya isa. Kada yatsanka ya kasance kusa, gam zai bi ƙarƙashinsa ya buga maka zanen yatsa a kan ƙarfe har abada. Lokacin hunturu yana bushewa kafin ka ƙifta ido, don haka ka riƙa rufe kwalbar, kuma ka buɗe taga.

Bayan gefuna sai bene. Dogayen azarori biyu da ke bin tsawon gada suna zama ƙarƙashin dogo, gajerun kuma suna gicciye su. Duba kowace kusurwa da sukwaya, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In awon ya zo ɗaya, benen ya miƙe. Sa masu X na ƙasa, su ne ke kulle shi. Bar shi ya kwana.

Washegari ka manna gefe ɗaya da bene, ka tokare shi a tsaye da sukwaya ko tubalan Lego, waɗanda kusurwarsu ba ta ƙarya. Kafin ka kawo gefe na biyu, yi wa ciki fenti, domin in an rufe buroshi ba ya shiga. Kankare fentin daga duk inda gam zai taɓa. Sai gefe na biyu, sai ƙofofi, sai sandunan rufi daga tsakiya zuwa waje, sai masu X na sama. Kafin gam ya ƙame, sa idonka a bakin gadar ka leƙa kamar mai saita bindiga. Murɗewa tana bayyana nan take, kuma a wannan lokacin kaɗai take gyaruwa.

Takalma huɗu na ƙarshe ba lalle su zama iri ɗaya ba. A gadar gaske ƙarshe ɗaya a kafe yake, ɗayan yana kan 'yan ƙarafa masu mirginawa domin ƙarfe ya samu wurin miƙewa da zafi. Masu kama da juna su tafi ƙarshe ɗaya, kada ka gicciya su.

Abin da ya ɓata

Tunda komai na da ɗan tagwai, wanda ya rage shi ne ma'auninka. Evergreen da Plastruct suna sayar da sanduna da faranti na roba masu siffofi iri-iri. In ba ka da hanyar samunsu, duba robobin gida masu lamba 6 a cikin alwatika a gindinsu, da tsohon gidan faifan CD, duk folistarin ne kuma gam ɗaya ke kama su. Tsohon katin banki yana yankuwa da kyau amma sai da sufa-gulu. Siririn ƙarfe kuwa, riƙe guntun reshe a saman kyandir kana juyawa, da ya yi laushi ka janye daga wuta ka ja hannu biyu a hankali, zai miƙe ya zama zare. Na farko da na biyu za su tsinke. Yankin da ka ƙera ka sa shi a gefen da ke kallon bango.

Fenti da dogo

Baƙi ƙirin yana haɗiye ƙusoshin da ka sha wahala a kansu. Toka mai duhu ya fi, ko jan ƙasa, ko ruwan azurfa marar sheƙi, feshi sama-sama sau biyu ko uku. In fentin gwangwani ne na kasuwa, gwada shi a reshe tukuna, wasu suna cin roba. Tsatsa kuma a gaɓoɓi take taruwa da saman azarorin bene, inda ruwa ke kwanciya: garin alli ruwan ƙasa da busasshen buroshi ya isa.

Dogo shi ne na ƙarshe. A kan buɗaɗɗiyar gada ba a zuba tsakuwa, katakan ƙarƙashin dogo sun fi tsawo kuma sun fi matsuwa da juna, sannan akwai ƙarin dogo biyu a ciki masu tare tarago in ya goce, bakinsu na haɗuwa kamar kibiya a wajen gadar. Ka bar dogon ya zarce bakin gada da 'yan santimita ta kowane ɓangare, kada mahaɗa ta faɗo daidai kan gaɓa. Ginshiƙan da gadar za ta zauna a kai kuwa, sai bayan ka ɗora dogo za ka auna tsayinsu, daga ƙasan takalmi zuwa saman tebur. Ka yanka su ƙasa da awon da kamar milimita ɗaya, ka cike da siraran takardu har tarago ya wuce ba ka ji ƙwas ba.